Yadda Baba Yat Turke Karya Kamar Ragon Layya

In ka shigo Sabon Birni kac ce kana biɗar gidan Malam Kalilu mai raguna, sai an daɗe ana kallon juna. Amma ka ce Kalilu mai karnuka, ko mai tuyar ƙosai sai ta nuna maka ƙohwarmu da baki. Ubana na. Ni sunana Ikilima, ni ta autatai, kuma ni za ni ba ku labarin, don shi in kat tambaye shi sai dai shi yi murmushi shi ce, "Ikon Allah na." To ikon Allah na, ba a musu, amma da hannun Baba a ciki dumu-dumu.

Mu mutanen Gatawa na. Can Baba yat tashi, can yay yi noman gero da dawa, amma abin da anka san shi da shi turka ta. Shekara talatin shina turkar raguna. Sai shi tahi kasuwa shi zaɓo ragon da kowa yaƙ ƙi, wanda iska ka iya kadawa, shi kawo gida shi ɗaure ga turke. Dusa da ruwan ɗumi da sahe, kowar wake da rana, harawa da marece, ɗan jiƙon kanwa ranar Juma'a. In layya ta matso sai ka ga rago ba shi iya tashi sai ya yi nishi kamar tsohon alhaji. Kuma Baba ba shi diba dabba da ido kawai. Hannu shika azawa bisa gadon bayanta shi latsa, in yaj ji ƙashi sai shi girgiza kai shi ce, "Wagga da saura." Ko mu ɗiyanai haka shika yi muna. Ki yi zazzaɓin kwana biyu, sai shi kama damtsenki shi ƙwala ma Inna kira, "Kadijatu! Ɗiyar ga ta zube, a ƙara mata hura."

Da ɓarayin daji sunka matsa ma ƙauyukanmu, munka kwaso munka dawo cikin gari, gidan wani ɗan'uwan Inna can wajen gulbi. Ba za ni tsaya bisa wanga ba, kowa ya san shi. Mun hito da ranmu, alhamdu lillahi. Raguna kam ko ɗaya ba mu hito da shi ba. Amma kun san mi Baba yas saka cikin buhu ranar da kowa ka kokowar tukwane da tabarmi? Turaku. Turakun icce guda huɗu da sunka yi santsi don gugar igiya. Yaz zo yak kahwa su bayan gida, babu abin ɗaurewa.

Shekara guda cur Baba shina zaune ƙohwar gida da rediyo. Gona ba ta zuwuwa, hannu babu abin yi. Mutumin da ka sa dabba ƙiba, shi da kainai yar rame har hula tana yi mai yawa. Ba shi hwaɗa, ba shi dariya, ko damtsenmu ya bar kamawa.

Ana haka sai ga Agali. Buzu na, tsohon abokin Baba daga wajen Bangi cikin Nijar, shi ka kawo mai kanwa da gishirin dabbobi tun ba a haihe ni ba. Yaz zo bisa babur da kwali ɗaure baya, kwalin shina motsi.

"Kalilu, ga baƙuwa na kawo maka."

Baba yab buɗe. Wata 'yar aba ja, dut ƙahwahu, kunnuwa sun zubo, ido kamar an ranbaɗa mata kwalli. Inna tal leƙo daga zaure.

"Mi na wanga? Ɗiyar barewa?"

"Karya ta, uwargida," in ji Agali. "Irin tamu ta Azbin."

"Innalillahi! Agali, dut abin da Allah yay yi cikin Nijar, ga dabino, ga cuku, ga shayi, ba ka ga na tsaraba ba sai kare?"

"Hannun mijinki ya saba da riƙon rai. In kin bar shi haka, rediyon ga za ta cinye shi."

Inna tab buɗe baki za ta ƙara, sai tag ga Baba ya durƙusa ya aza hannu bisa bayan 'yar abar shina latsawa. Yag girgiza kai yac ce, "Wagga da saura." Wallahi rabon da mu ji maganar ga tun Gatawa. Inna tak koma ciki.

Washegari Baba yat tahi wurin limamin unguwa yat tambaya. Liman yac ce karen gadi da na hwarauta babu laihi, a dai hana ta ɗaki, kwanonta shi zan daban. Inna taƙ ƙara da nata sharuɗɗa: ba ta ƙetare zanan bayan gida, wanda dut yat taɓa ta shi wanke hannu da sabulu kahin shi kusanci tulu, kuma ita Kadijatu babu ruwanta, ko kallo. Maƙwabta ko sunka samu abin taunawa. Wai Malam Kalilu da hurhura ya koma wasa da kare, wai gudun hijira ya taɓa mai kai. Da maganar taz zo kunnen Baba, sai yas sa ma karyar suna Ƙyale-su. Kullum da sahe sai shi tsaya jikin katanga shi ɗaga murya, "Ƙyale-su! Zo nan, Ƙyale-su!" Sati biyu tsegumi yam mutu.

Kahin a jima dut gida mun hwaɗa son ta. Yayata Firdausi, da ta iya ɗinki, tay yi mata abin wuya na hwata da jan zare. Ni ko aikina ɗaukar ta bidiyo da waya, don in tana gudu kamar ba ta taɓa ƙasa. Inna mai cewa ko kallo, ni nik kama ta da idona tana miƙa ƙanzo ta bisa zana tana cewa, "Amshi, 'yar nema, kada ki hwaɗa ma kowa."

Da Ƙyale-su tas shekara, sai Baba yah hwara zancen iri. Kun san mai kiwo. Yac ce shi so shika shi ga ɗiyanta cikin gidan ga, turakun nan huɗu su cika. Kuma ba kowane karen bola za shi bari shi kusance ta ba. Dut wanda yat tambaya, suna guda aka hwaɗa mai: Hadari, karen Sodangi na Turba. Sodangi tsohon mahwarauci na, kuma Hadari baƙin kare na irin Azbin da aka cewa bai taɓa bin zomo yad dawo baki wohi ba. Sai dai abu biyu. Na ɗaya, Sodangi ba shi ba kowa barbarar karenai, ko ka zo da sarki. Na biyu, Hadari ya tsuhwa, shekaratai takwas, ga irin karnukan ga sau ɗaya macen ka biɗar namiji cikin shekara. In an kuskure bana sai baɗi, kuma wa yas san ko Hadari shina kai baɗi.

Wurin da Sodangi ka diba karnuka shi zaɓi wadda ta yi mai shi na taron garin Isa. Tun da daji yaƙ ƙi shiguwa, mahwarautan yankinmu sunka rasa wurin gwada karnukansu, sai sunka maida ranar da likitan dabbobi ka zuwa yin allurar haukan kare tamkar biki. Bayan an kai amhwanin gona gida aka yi, cikin wani hili bakin gari. A zagaya da karnuka kowa shi gani, sannan a sake su su yi tsere. Babu wata kyauta ta kirki, yabo na da tahi, amma tsohhin ga kamar su kashe kansu a kai.

Saura wata huɗu taron, Baba yat tara mu bayan gida.

"Daga yau Ƙyale-su ta shiga turka."

Kuma wallahi babu wanda yac ce a'a. Mu hwa ɗiyan gidan raguna na. In za a kai dabba gaban mutane, mi aka nunawa in ba ƙiba ba? Ina ka taɓa ganin an yaba rago don awazunai sun hito? Ni da kaina nic ce, "Baba, a cika ta har mutanen Isa su riƙe baki." Sun ko riƙe.

Yaɗ ɗaure ta ga turke, wai gudu ka zubda nama. Tuwon dawa da romo da sahe. Da rana kayan ciki da kitse daga wurin mahauta. Da marece nono da ɗumame. Har dusa yad dama mata taƙ ƙi, sai yaz zuba romon kai a ciki, tas shanye. Ranar Juma'a jiƙon kanwa, ba hwashi. Inna tana ƙara nata ta bisa zana, Firdausi tana ƙara ma abin wuya tsawo. Agali in yab bugo waya yac ce ƙaƙa baƙuwa, sai Baba shi ce, "Tana ci ƙwarai," shi ko shi ce madalla. Bai tambayi mi taka ci ba, Baba bai tambayi mi ya kamata ta ci ba. Wa za shi koya ma Kalilu ciyar da dabba?

Wata huɗu, Ƙyale-su tak koma kamar turmi da anka sa ma sanduna huɗu. Ƙugun ga da kaka iya zagayewa da hannu biyu yac cike. Baba yal latsa bayanta yal lumshe ido yac ce, "Alhamdu lillahi, ƙashi ya ɓace."

Ranar taro munka samu a-kori-kura mai kai buhunan gero Isa, don masu ƙananan motoci sun ce ba su ɗaukar kare. Ni da Baba da Ƙyale-su bisa buhu. Sai da mutum biyu sunka kama kahin a aza ta. Baba ya sha babbar rigatai ta Sallah, sai amsa gaisuwa shika yi kamar mai kai amarya.

Muna isa hili nih hwara kallon na mutane. Karnuka sun hi arba'in, kuma kowane kamar an shekara ba a ba shi abinci ba. Ciki a ɗame, awazu a waje, ƙirji zuru-zuru. Nir raɗa ma Baba, "Baba, mutanen ga ba su da tausai, ji yadda sunka bar dabbobi da yunwa." Yac ce, "Bari dai su ga tamu, su koyi kiwo."

Anka yi allura, anka hwara zagaye. Da Baba yaj jawo Ƙyale-su tsakiyar hili tana tahiya tana rangaji, sai ido yad dawo kanta. Can wani mai jar hula yaƙ ƙwala, "Malam, layya ta wuce! Ka makara!" Ai sai dariya taɓ ɓarke. Wani yac ce a kirawo mahauci shi taya. Wani yac ce a diba ko tana da ƙaho. Ni ko raina yaɓ ɓaci, nij juya wurin mai jar hula nic ce, "Kai da karenka wa ka cinye abincin wani? Don ku biyun dut kamar tsinken tsire kuke." Anka ƙara kwashewa da dariya, Baba yad daka min tsawa, "Ke Ikilima, kama bakinki!"

Sannan tsere. Hwatar zomo aka ɗaurewa da doguwar igiya bayan babur, mai babur shi zura, a saki karnuka. Anka saki. Wallahi ta yi niyya, baiwar Allah. Ta zabura da zuciyarta ta da, amma jiki yac ce bai san zancen ba. Ko rabin hili ba ta kai ba tat tsaya, tad dibi sauran sun yi nisa, tay yi kwana taz zo tak kwanta ƙarƙashin a-kori-kura tana haki, halshe har ƙasa.

Nan nig ga Sodangi karon hwarko. Wani ɗan tsamurmurin tsoho, da gemu kamar na bunsuru, ga Hadari biye da shi babu ko igiya, baƙi wuluk, bakinai ya hwara hurhura. Tsohon bai yi dariya ba. Yad durƙusa yab buɗe bakin Ƙyale-su yad diba haƙora, yak kama ƙahwahunta ɗaya-ɗaya, yas shahwa dogon kanta. Sannan yaɗ ɗago.

"Malam, mi aka ce da kai?"

"Kalilu, daga Sabon Birni. Asali Gatawa."

"Mi kaka kiwo da?"

"Raguna."

"Na gani." Yam miƙe yak kaɓe gwiwa. "Malam Kalilu, tun da nika zuwa taron ga ban ga ƙashi mai kyau kamar na karyar ga ba. Amma ka binne ta cikin kitse. Rago don wuƙa aka kiwo nai, wagga don iska anka yi ta. In tad ɗauki ciki haka, wurin haihuwa za ka rasa ta. Ba ni haɗa Hadari da ita."

Baba yac ce a hankali, "To ƙaƙa za a yi?"

"Baɗi in Allah ya kai mu, ni da tsohon ga," yan nuna Hadari, "ka kawo ta. In tsaya nan in ƙirga awazu ukku da idona, ba da hannu ba. In na gani mu yi magana."

Hanyar dawowa Baba shina zaune bisa buhu ya ƙura ma Ƙyale-su ido. Ni na aza dariyar mutane ta ka cin shi, ina ta zagin mai jar hula. Sai yac ce, "Bar shi, Ikilima, gaskiya yah hwaɗi. Ba dariyar ka damu na ba. Kin ga yadda tat tsaya tana kallon 'yan'uwanta suna gudu? Ni nic cuce ta. Wata huɗu na ɗaure mai gudu ga turke ina jin daɗi." Shina magana hannunai bisa kanta.

Da munka iso nit tura ma Agali hotonta. Minti biyu sai ga saƙon murya, salati kawai shika yi shina ƙarawa, can yac ce, "Kalilu, wagga karyata ta ko kun musanya da maraƙi?" Shi yab ba mu ƙa'ida. Tuwon gero ɗan dunƙule da nono, sau ɗaya ga wuni, ƙashi ranar kasuwa, a kwance ta daga turke, kuma kullum ta yi gudu.

To nan aikin yake. Ba karyar ta taw wahalar da mu ba, Baba na. Hannun da yas shekara talatin shina cika kwano, ka ce shi zuba dunƙule guda? Sai shi zuba, shi tsaya, shi diba kwano, shi diba karya, ka ga hannu shina komawa tukunya da kainai. Kwana ukku nig ga ba za ta yiwu ba, nik karɓe kwanon nic ce, "Baba, daga yau ni ta mai rabo. Kai dai tsaya can ka yi kallo."

"Ke, ni za ki koya ma kiwo?"

"Wanda kak koya muna ai mun ga inda yak kai mu. Ƙarƙashin mota."

Firdausi tat toshe baki, Inna tac ce, "Ɗiyar ga ba ta da kunya ko ta sisin kwabo." Baba ko sai yay yi dariya har da tari. Yam miƙo min ludayin.

Saura ɓarauniyar cikin gida. Sati biyu ina awo amma karya ba ta raguwa. Nil laɓe bayan rumbu da hantsi, sai ga hannu ya ɓullo ta bisa zana da ƙanzo har da man shanu.

"Inna!"

"Na'am? Kaji nika ba."

"Kajin da ka kaɗa wutsiya?"

"Ke ba ki ga yadda taka kallo na ba? Ni ba ni iya cin abinci rai shina kallo na."

Sai da Baba yaz zauna da ita yac ce, "Kadijatu, ni ma daurewa nika yi. In kina son ki ga jikoki bayan gidan ga, ki taimake ni." Inna tac ce, "Jikokin wa? Allah shi kiyaye!" Amma ta bari. Rabin bari dai.

Gudu kuwa yashin gulbi munka samu. Da rani ruwa shina janyewa shi bar hili hwari tas. Kullum rana na hitowa ni da Baba muna can. Shi tsaya nesa, ni in riƙe ta, shi ɗaga hula shi kira, in saki. Da hwarko sai ta yi taki ashirin ta zauna tana kallonmu kamar mun zalunce ta. Sannu-sannu ƙugu yah hwara dawowa. Masu ɗibar yashi da amalanke sunka saba da mu har suna yi mata kirari. Abin da ban lura ba sai da Inna tah hwaɗi, shi na Baba. Tahiyar ga ta kullum ta sa shina dawowa da yunwa, shi share tuwo shi ce a ƙaro. Karya tana ramewa, mai ita shina cikowa. Hula tad dawo daidai kai.

Da damina tas sauka gulbi yac cika, munka koma hilin ƙwallo. Ranar da nih hwara ganin awazu, guda biyu, nir ruga nik kira Baba. Yaz zo yad diba, yak kai hannu za shi latsa yaj janye. Yac ce, "Ikilima, zuciyata tana ce min dabbar ga ba ta da lahiya, idona shina ce min ta hi da kyau. Wa za ni bi?" Nic ce, "Bi Sodangi."

Abin da ka hana Baba sukuni shi na Hadari. Dut wanda yah hito wajen Turba sai shi tare shi, ba shi tambayar mutane, sai, "Karen Sodangi shina nan?" Sau ɗaya anka ce mai Hadari ba shi da lahiya ya bar cin abinci, Baba yaw wuni bai kunna rediyo ba. Bayan sati anka ce ya tashi.

Taro yaz zagayo. Wanga karo har Inna da Firdausi sunka shiga mota, Inna wai za ta gaida wata ƙawarta a Isa. Ƙawar da har yau ba mu ga gidanta ba. Ƙyale-su kuwa da kanta tad daka tsalle ta haye buhu.

Muna sauka nig ga mai jar hula. Yac ce, "A'a, mutanen layya! Ina tunkiyar, kun yanka?" Nic ce, "Ga ta nan, buɗe idonka da kyau, don in an saki sai dai ka ga ƙura." Baba bai ko ji mu ba, wuya kawai shika miƙawa. Can sai ga ɗan tsohon ya ɓullo, Hadari biye, ya ƙara hurhura amma shina bisa ƙahwahunai. Nij ji Baba ya sauke numhwashi.

Anka yi zagaye. Babu wanda yay yi dariya. Ja ta, tana sheƙi, ƙugu kamar a sa mata munduwa, ga sabon abin wuyan Firdausi. Anka ja hwatar zomo, anka saki. Ni ban san sa'ad da niy yar da waya ba, don haka babu bidiyo, sai dai ku yarda da ni. Ihu nika yi, Inna mai ko kallo tana bayana tana buga min kahwaɗa tana cewa, "Ruga, 'yar nema! Ruga!" Ba ita taz zo ta ɗaya ba, ba ni yi muku ƙari. Wasu karnuka biyu na mutanen Isa sun riga ta. Ta ukku taz zo cikin sha huɗun da anka saki. Karen mai jar hula kam na tara, na ƙirga da kyau.

Sodangi yaz zo yat tsaya nesa kaɗan, hannu goye baya. Ƙyale-su tana haki. Yan nuna da gemu.

"Ɗaya. Biyu." Yak karkata kai. Wallahi nij ji kamar in je in matse mata ciki. "Ukku. Ga ta huɗu tana leƙe." Yaj juya wurin Baba. "Malam Kalilu, wa yak karɓe maka ludayi? Don na san ba kai ba na."

Baba yan nuna ni. Sodangi yac ce, "Wagga mai bakin? To Allah shi yi albarka. In ta hwara biɗa ka aiko, ni za ni kawo shi da kaina, hanyar Turba ba ta baƙo ba ta yanzu. Al'ada dai ka sani, mai namiji shi ka hwara zaɓen ɗa guda."

"Ko biyu kaka so."

"Guda anka ce. Kai komi sai ka ƙara?"

Bayan sati biyar yak kawo Hadari, sunka kwana ukku wurinmu, tsohhin biyu suna shan hura suna gardamar ko rago ko kare wa yah hi wayo. Wata biyu bayan nan, wata Talata da hantsi, Ƙyale-su tah haihu shidda lahiya lau. Huɗu baƙaƙe, biyu jajaye. Inna ta tay yi unguwar zoma, ta bisa zana dai wai, amma ni na ga zanen da tas shimhiɗa musu, nata na. Hadari bai kai taron da yab biyo ba, da sanyi yam mutu. Ɗiyan ga su na na ƙarshe da yab bari.

Da sunka yi wata biyu Sodangi yaz zo zaɓe. Yad daɗe tsugune, sannan yaɗ ɗauki wani baƙi, wanda yah hi dut sauran tsaurin jiki, yas saka cikin riga shina jan hanci. Agali yaɗ ɗauki ja guda. Baba ba shi saida kare, kyauta shika yi, kuma sai ya yi ma mutum tambayoyi kamar mai biɗar auren ɗiyatai. Guda yab ba wani makiyayi na Tsamaye. Ukku munka riƙe, da uwarsu huɗu, daidai turakun Gatawa. Sai dai yanzu igiya ba ta daɗewa gare su, inuwa kawai suka sha wurin.

Yanzu mutane har daga Isa suna zuwa tambayar Baba yadda aka kiwon irin ga. Sai shi gyara zama shi ce, "Abu na hwarko, kada ka cika kwano." Ni ko ina gehe ina kallon sama.

Bana za mu da ukku taro. Ludayi har yau hannuna yake. Amma cikin ɗiyan akwai wani ja, Baba yas sa mai suna Gatawa, kullum shi ka ɗan hin sauran cika. Na auna, na sake aunawa, rabonsu guda. Shekaranjiya niz zagaya bayan gida da hantsi nis ishe Baba tsugune, hannu cikin aljihu, Gatawa shina lasar baki.

"Baba, mi ac cikin aljihun ga?"

"Goro na."

"Goro mai maiƙo?"

Yal latsa bayan karen, yad dube ni ta wutsiyar ido yac ce, "Ke dai bar ni da wanga guda. Da saura."